Daga Littafi Zuwa Dandali: Tarihin Waƙa a Wasan Kwaikwayon Hausa

Gabatarwa

Duk sa'ad da ɗalibai suka zauna taɗin wasan kwaikwayo mai waƙa, watau irin wasan nan da ake yi a gaban 'yan kallo, 'yan wasa suna cikin magana sai su ɗauki waƙa da rawa, labari kuwa yana ci gaba a cikin waƙar, sai ka ji ana ta kawo misalai daga Ingila da Amurka. In an matsa kaɗan a ce ai wannan sana'ar Indiyawa ce. Da wuya ka ji wanda ya ambaci Dambatta ko Bichi ko Dawakin Tofa. Ga shi kuwa a ƙauyukan da ke kewaye da waɗannan garuruwa an daɗe ana ba da labari da ganga da amshi da kwaikwayo, tun ba a san takardar boko ba.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun waƙa a cikin wasan kwaikwayon Hausa, mu ga inda ta faro, da inda ta faɗi a hanya, da kuma ƙofar da ta biyo ta komo. Daga nan sai mu dubi littattafanmu da finafinanmu, mu tambayi kanmu waɗanne ne za su juyu su zama wasan dandamali mai waƙa, da kuma irin kayan aikin da ya kamata a juya su da shi.

Abin da wasu suka yi da nasu

Mai da littafi wasa mai waƙa tsohuwar hanya ce. Wasan da George Bernard Shaw ya rubuta mai suna Pygmalion, wanda aka fara nunawa a 1913, shi aka sa wa waƙoƙi ya zama My Fair Lady a 1956. Ƙaton littafin nan na Victor Hugo, Les Misérables, ya fito a 1862, aka kuma rera shi a kan dandamali a birnin Faris a 1980. Fim ma yakan juyu, don kuwa The Lion King na 1994 ya hau dandamali a Amurka a 1997.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana nan gida Nijeriya. Amos Tutuola ya buga The Palm-Wine Drinkard da Ingilishi a 1952. A 1963 Kola Ogunmola, da taimakon sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ibadan, ya mai da shi wasa mai waƙa cikin Yarbanci. Haka kuma Duro Ladipo ya ɗauko tarihin Sango, Alafin na Oyo, ya shirya Oba Koso, ya kai shi Balin a 1964 da Ingila a 1965. Abin lura a nan shi ne, Ladipo bai je neman kiɗa wata ƙasa ba. Gangunan bata da kirarin gidan sarautar Oyo ya tattara ya hau da su, su ne kuma suka sa duniya ta waiwayo. To, mu ina namu gangunan suke?

Ƙasar da wasan ya tsiro

Wanda ya bar birnin Kano ya yi arewa, ko ta hanyar Katsina ko ta hanyar Daura, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsattsaye cikin gonakin, ga gidaje a warwatse, ga burtali yana ratsawa tsakanin shinge da shinge. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 wannan yanki yake cike da jama'a. Ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. A da, manoman da ke kusa da birni sukan kai itace a kan jakuna, su komo da mangala cike da taki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru, tun daga shekarun 1960, yana nazarin yadda ƙasa ɗaya take ɗaukar wannan yawan mutane ba ta gaji ba.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa taki da wasan kwaikwayo? Abubuwa uku ne. Na farko, inda ƙauyuka suke kusa da juna, gangar da aka buga a wannan unguwa ana jin ta a waccan, saboda haka mai wasa ba ya rasa 'yan kallo, kuma da ƙafa za su zo. Na biyu, damina wata huɗu ce zuwa biyar, in an kai amfanin gona rumbu akwai sauran watanni na sarari da farin wata. Na uku, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai kuɗi suka riƙa shiga hannun samarin ƙauye da kaka, suka sami abin gayyato makaɗa da abin yi musu kari. Jama'a, da lokaci, da abin sallamar makaɗi: ko a Landan abin da gidan wasa yake bukata ke nan.

Gayya, kalankuwa da tashe

Bari mu fara da gayya, ko da yake aiki ce. Mai gona yakan gayyaci samari su taru su nome masa, a dafa abinci, a dama fura, a kira mai gangar noma. Kowane saurayi da ya isa yana da takensa. In makaɗi ya saki taken wane, ko ba a faɗi suna ba kowa ya san da wa ake, shi kuwa sai ya yi kururuwa ya yi kirari ya duƙa kan kunya, abokin gasarsa yana biye. A nan kiɗa suna ne, kuma umurni ne. Shi ke gabatar da mutum, shi ke zuga shi, shi ke kunyata raggo. Mu riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Kalankuwa ita ce ta fi kama da cikakken wasa. Bayan an gama girbi, samari da 'yan matan gari sukan shirya biki na 'yan kwanaki, su gayyaci na ƙauyukan maƙwabta. Sai a naɗa sarki da waziri da alƙali da dogarai daga cikin samarin, 'yan mata ma a ba su nasu muƙaman. A zamanin Turawa har da Gwamna da Razdan da Di'o da likita akan naɗa, kowa ya nemo tufafin da suka dace da matsayinsa. Akan kafa fada, a kawo ƙara, a yi shari'a, a ci tara, makaɗa kuwa suna gefe, kowane mai muƙami da irin kiɗan da ake tarbarsa da shi. Talakan da ya shekara yana faɗuwa gaban dagaci da mai karɓar haraji, ran nan ɗansa ne ke zaune a kan shimfiɗa yana kwaikwayon tafiyarsu da muryarsu, gari na dariya. Masu sarautar gaske sun san da haka, suka kuma bari, domin wasa ne. Makamancin wannan shi ne wasan gauta, wanda matan gidan sarki suke yi a fada, suna kwaikwayon sarki da hakimansa.

Tashe kuwa na watan azumi ne, daga goma ga wata, bayan an sha ruwa. Yara maza da nasu, 'yan mata da nasu, suna bi gida gida. A Tsoho da Gemu yaro ne zai manna auduga a haɓa ya dogara sanda. A Jatau Mai Magani wani zai baje saiwoyi da ɓawon itace yana lissafa amfanin kowanne. A Ɗanda Dokin Kara an ɗaura doki na karan dawa. A Mairama da Daudu 'yan mata ne suke fitowa, ɗaya amarya ɗaya miji, sauran suna koya wa amarya zaman gidan aure. A birnin Kano kuma ga Nalako, sarkin gwagware, da tashensa na tsokanar marasa aure. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni yana da ɗan wasa, da shiga, da jagora, da 'yan amshi, kuma in ka cire waƙar babu abin da ya rage, domin a cikinta maganar take. Ƙara da 'yan kama, waɗanda suke shigar malamai su ɗauki karin karatu da na waƙoƙin wa'azi su juya su kan tuwo da nama, sai ka ga ashe har da wasan ban dariya mai waƙa muna da shi.

Abin da waɗannan wasanni suka rasa ɗaya ne, watau dogon labari mai farko da tsakiya da ƙarshe. Tashe minti kaɗan ne, a ba da sadaka a wuce gaba. Kalankuwa tana da 'yan wasa da fada, amma ba ta da ƙullin labarin da za a warware. Dogon labari yana wurin tatsuniya, daga baya kuma ya koma littafi.

Yadda waƙa ta faɗi a hanya

A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ga dogon labari ya samu. A 1936 East ya fitar da wasanni shida na Hausa don 'yan makaranta, ya nuna yadda ake tsara labari kashi kashi, fitowa fitowa. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, yana sukar zalunci da cuta. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya kawo Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu wajen 1959 da 1960, bayan an ji su a rediyo. Sai Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979.

Waɗannan wasanni sun yi wa Hausa aiki babba, sai dai kusan dukkansu na zance ne. In waƙa ta shigo, ta shigo ne don an zo wurin biki ko maroƙi ya ratso, ba ita ke ɗauke da labarin ba. Dalilan haka a fili suke. Takarda tana iya riƙe magana, amma ba ta riƙe sautin kalangu, marubutanmu kuwa ba su da wata hanyar rubuta kiɗa. Sa'an nan wasan ya tashi ne a aji da ɗakin rediyo, inda manufa ita ce a koyar da tsabta ko a yi gargaɗi kan sakin aure, a cikin ɗan lokaci ƙayyadadde. Daɗin daɗawa, kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma jama'a ba su ɗauki maroƙi a bakin komai ba, ko da suna son abin da yake yi. Ɗan makarantar Midil wanda ake sa ran ya zama malamin hakimi zai yarda ya fito a matsayin alƙali ko ɗan kasuwa, amma ba zai rataya ganga a gaban iyayen gari ba. Ga kuma malamai da suka daɗe suna ƙyamar kiɗan da ke tara maza da mata. Ta haka aka raba gado: 'yan boko suka ɗauki labari, makaɗa suka riƙe waƙa, kowa ya kama gabansa.

Duk da haka makaɗan ba su daina gwada abin da za a iya yi ba. Wanda ya saurari waƙoƙin Ɗanmaraya Jos na zaman aure ya san yadda mutum ɗaya da kuntigi yake fitar da muryar miji da ta mata da ta mai gulma, ya ƙulla rigima ya kuma yanke hukunci. Wannan wasan kwaikwayo ne cikakke, dandamali kawai ya rasa.

Shaihu Umar: littafi, dandamali, fim

Littafin da ya fara bin dukkan matakan nan shi ne Shaihu Umar. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, suka mai da shi wasan dandamali, aka buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da Hausa, Umaru Ladan ne kuma ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan kaɗai ya isa ya zama gargaɗi: aikin da aka yi da kuɗin gwamnati, a kan littafin Firayim Minista, ya kwana arba'in a cikin gwangwani, shekara ake nufi ba kwana ba. Ina ga abin da yake cikin kan tsohon makaɗin ƙauye kawai?

A wannan zamani ne kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta gina gidan wasanta na ƙasa a Samaru, bisa fasalin gidan Bahaushe mai zaure da tsakar gida, malamai da ɗalibai kuma suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. A shekarun 1980 gidan talabijin na Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasa mai dogon zango. Hanya ta buɗe ke nan tsakanin littafi da kallo. Amma wanda zai tsaya ya ce bari a rera littafin nan tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda Ogunmola ya yi wa na Tutuola, bai fito ba.

Waƙa ta komo ta ƙofar Indiya

Sinimar Rex ta buɗe a Kano a 1937, wasu suka biyo baya. Mutanen ƙauye kuwa majigi suka fara sani, motar gwamnati da ke zuwa ƙofar gidan hakimi ko dagaci da dare ta haska finafinan wayar da kai irin su Baban Larai. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwara, watau mutanen Labanan masu gidajen sinima, suka fara kawo finafinan Indiya, Hausawa kuma suka karɓe su hannu biyu. Ba abin mamaki ba ne. Mother India na 1957 labarin wata manomiya ce da mai ba da bashi da ruwa ya addabe ta, manomin gyaɗa kuwa ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan. Ga auren tilas, ga kunya, ga biyayya ga iyaye, ga kuma waƙa a duk inda zuciya ta cika. Ɗan cin rani da ya shigo birni daga Kunci ko Makoɗa ya ga abin da ya saba gani a dandali, sai dai an ja shi ya yi awa uku. Har masu begen Annabi da bandiri, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya a Kano, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan suna ɗora nasu baitocin.

Da finafinan bidiyo suka fara, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, littattafai suka sake samun hanya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda aka mai da su fim. Kafin ƙarshen shekarun 1990 waƙa da rawa sun zama jigon kasuwar, har ya zama waƙar ce ke sayar da kaset. Sangaya, wanda ya fito a ƙarshen wannan zango, ya yi tashe ƙwarai, kuma abin da ya ja kunnen jama'a shi ne an sa fiyano ta kwaikwayi sarewa da ganguna irin na gida. Amma galibin waƙoƙin finafinan nan ba sa jan labari. Saurayi da budurwa ne a lambu, suna sauya kaya, in an gama a koma inda aka tsaya. Za ka iya cire waƙar wannan fim ka dasa a wancan ba wanda zai lura. Rawar maza da mata kuma ta jawo fushin malamai da iyaye, har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Sakamakon haka shi ne, yau in ka ce wasa mai waƙa, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne rawar lambu, an manta da Jatau Mai Magani.

Waɗanne littattafai za su juyu?

Ba kowane littafi mai daɗi ne yake karɓar waƙa ba. In muka yi la'akari da wasannin ƙauye, za mu fitar da ma'auni uku. Labarin ya kasance yana da jama'a a cikinsa waɗanda za su zama 'yan amshi. Ya kasance mutanensa suna da sana'a ko matsayi da aka san kiɗansa. Ya kuma kasance akwai wuraren da magana ta gaza, sai kuka ko kirari ko addu'a.

Ma'auni na biyu shi ne babbar dukiyarmu. Mawaƙan Turai sukan wahala suna ƙirƙira wa kowane ɗan wasa karin da za a riƙa gane shi da shi. Mu kuwa mun gaji wannan a shirye, kamar yadda muka gani a gayya. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta da 'yan bori, sarewa ta makiyaya, tambari da kakaki da algaita na sarauta, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida, bandiri na zikiri. Tun ɗan wasa bai fito ba, da an taɓa kayan kiɗan, ɗan kallo ya san wanda ke tafe.

Jiki Magayi ne ya fi cika waɗannan sharuɗɗa. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya aure ta da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, sammun ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Mutane kaɗan ne, ƙulli ɗaya ne, kowace fitowa kuma da kiɗanta: gaɗa a dandali lokacin zance, ƙwarya da guɗa ranar kai amarya, garaya a dajin da Abubakar ya shiga. 'Yan matan da suka yi wa Zainabu gaɗa a farko su ne za su dawo matan unguwa masu amshi a ƙarshe, da kari ɗaya amma an sassauta shi ya zama na makoki.

Ruwan Bagaja na 'yan kama ne. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna haɗuwa gari gari, kowa yana rama cutar da aka yi masa, ga shigar malanta, ga wayo, ga shari'a a gaban sarki. Tsarin littafin ma irin na tashe ne, gajerun wasanni a jere, igiyar neman ruwan ce ta ɗaure su. Fadar kalankuwa, da sarkinta da alƙalinta da dogaranta, ta isa ta ɗauki dukkan garuruwan da Alhaji ya ratsa, sai dai a sauya rawani da take.

Shaihu Umar ya fi su nauyi, kuma shi ne amsa ga mai cewa wasa mai waƙa dole sai da shashanci. Labarin yana buɗewa ne da malami a tsakiyar almajiransa a Rauta, ga 'yan amshi tun a shafin farko. Akwai fadar da aka yi wa Makau makirci, akwai ayarin da ya ratsa Sahara, akwai uwa da ta bar gida neman ɗanta har ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai a bakin ajalinta. Karin karatun allo, da waƙoƙin bara na almajirai, da irin muryar da makafi suke rera waƙoƙin wa'azi da ita, sun isa su ɗauki wannan labari ko ba a buga ganga ko ɗaya ba.

Sai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin yaron da ya raina ƙauye ya tafi birni ya faɗa hannun miyagun abokai. Wannan kam labarin yankin da muke magana a kai ne, musamman bayan farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, lokacin da dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano samari suka yi ta kwarara birni. A buɗe shi da gayya, a ba yaron takensa na noma. In ya shiga birni a riƙa jiyo taken daga nesa, yana raguwa. Ɗan kallon da ya taɓa riƙe fartanya ba ya bukatar a yi masa bayani.

Cikin finafinai kuwa, Sangaya zai juyu ba wahala, tun da labarin fada ne, na yarima da yarinyar da ke hidima a gidan. Abin da za a yi shi ne a mai da wa sarewa da kalangu wurin da fiyano ta ara.

Kammalawa

Akwai masu cewa jama'a da hukuma ba za su yarda ba. Tarihin da muka bi ya nuna cewa abin da aka ƙi shi ne cakuɗuwar maza da mata a rawa, tashe kuwa ya daɗe da warware wannan, tun da 'yan mata su kaɗai suke fitar da Daudu, kuma a watan azumi, a tsakar gidan malam da na liman. Akwai masu cewa babu gidan wasa. Kalankuwa ba ta taɓa jiran gini ba. Abin da lalle ake bukata shi ne izinin masu haƙƙin littattafan, da marubucin da zai zauna da makaɗi su yi aiki tare a matsayi ɗaya, a biya makaɗin, a kuma rubuta sunansa.

Wurin da gaggawa take shi ne wajen makaɗan. Littattafan 1933 suna nan a kanta, za su jira. Amma gayya tana ja da baya a gaban ƙwadago da maganin feshi, samarin da da su ne sarakunan kalankuwa suna birni ko suna kan waya, mai gangar noman da ya san taken kowane gida a ƙauyensu kuwa tsufa yake yi, ɗansa kuma ya kama wata sana'a. Da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla daga waɗannan ƙauyuka suka fito, wasunsu ma sun yi tashe da ƙafarsu. Hutu mai zuwa, wanda ya koma gida ya nemi tsohon makaɗin garinsu, ya gaishe shi, ya ɗauki take da kirari da amshi, ya rubuta wane kiɗa ake yi wa wa, kuma a wane lokaci. In ƙungiyarmu ta tara wannan, sai ta ɗauki fitowa ɗaya tak daga Jiki Magayi ta gwada a makon Hausa, sa'an nan ta kai ta dandalin Dambatta ko na Bichi, inda masu abin za su faɗa mana ko mun yi daidai. Allah ya sa mu dace, amin.